Yadda Ake Tayar da Keken Da Daga Tarkacen 'Yan Gwangwan

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga zaurukan tsofaffin gidaje a Kano ko Zariya ko Damagaram, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani baƙin keke jingine da bango ba, tayoyinsa sun sace, kacarsa ta yi ja don tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin wayoyin ƙafafunsa. Irin wannan keke ne malaman makaranta da ma'aikatan hukuma da fataken ƙauye suka hau shekara da shekaru. A yau da yawa daga cikinsu sun faɗa hannun 'yan gwangwan, ana auna su a sikeli ana sayarwa a matsayin ƙarfen narkarwa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ɗalibin da ke da haƙuri zai iya tsinto gangar jikin keke a nan, ƙafa a can, sirdi a wani wuri, ya harhaɗa abin hawan da zai riƙa kai shi makaranta. Sai dai akwai sharaɗi guda, shi ne awo. Kayan da aka tsinto daga wurare daban-daban ba su fito daga masana'anta ɗaya ba, kuma bambancin milimita kaɗan ya isa ya sa a yi asarar kuɗi, ko ma a yi asarar haƙora a kan titi. Wannan maƙala za ta bi aikin daki-daki, tare da bayyana kimiyyar da ke ƙunshe cikin kowane mataki.

Asalin Wannan Samfuri

A shekarar 1817 ne wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera abin hawa na katako mai ƙafa biyu, wanda mahayinsa ke tura shi da ƙafafunsa a ƙasa. Cikin shekarun 1860 aka maƙala wa ƙafar gaba feda a birnin Paris. Da yake zagaye ɗaya na feda zagaye ɗaya ne na ƙafa, babu hanyar ƙara gudu sai a ƙara girman ƙafar, don haka kekunan shekarun 1870 suka zo da ƙatuwar ƙafar gaba wadda faɗowa daga kanta ba ƙaramin haɗari ba ne. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da keken Rover, mai ƙafafu kusan kai ɗaya da kaca mai jan ƙafar baya. Bayan shekara uku, wato a 1888, John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya fito da taya mai iska.

Daga waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire biyu ne aka samu baƙin keken nan mai manyan ƙafafu da birkin sanda da kariya a baya. Kamfanin Raleigh na garin Nottingham ya yi fice wajen ƙera shi, kuma kekunansa sun bazu a Nijeriya ƙwarai. Daga baya masana'antun Sin da Indiya suka ɗauki samfurin, aka samu Phoenix daga Shanghai, da Flying Pigeon daga Tianjin tun 1950, da Hero daga Ludhiana tun 1956. Raleigh ya daina ƙera kekuna a Nottingham a 2002, amma har yanzu ana yin kayan gyaran wannan samfuri a Indiya da Sin. Wannan ne ya sa tarin ƙarafan 'yan gwangwan ya zama gauraye: kayan Ingila da na Asiya da na kekunan zamani, duk a wuri ɗaya.

Zaɓen Gangar Jiki

Gangar jikin keke, wadda masu gyara ke kira firam, ita ce tushen aikin, don haka da ita ake farawa. In aka dube ta daga gefe za a ga an gina ta bisa siffar alwatika. Dalili kuwa shi ne, in aka haɗa sanduna huɗu da ƙusa a kusurwoyinsu, ana dannawa za su karkace, amma sanduna uku ba za su sauya siffa ba sai in ɗayansu ta lanƙwashe ko ta karye. Ɗalibi zai iya gwada wannan da karan dawa da ƙaya.

Abu na farko da za a duba shi ne alamar karo. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da inda suka haɗu da wuyan keke. In an ji ƙarfen ya tattare ko an ga fenti ya tsattsage a zagaye, to keken ya taɓa yin karo da gaba. Haka nan in ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba ya koma baya. Irin wannan a bar wa mai shi kayansa, ko da kyauta ya bayar, domin ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar da shi yakan fara tsagewa a ɓoye, kuma karyewar wuyan keke ana cikin gudu ba ta ba mahayi damar yin komai.

Abu na biyu shi ne miƙewar firam ɗin, kuma zare kawai ake bukata. A ɗaura shi a tsagin da ƙafar baya ke shiga ta dama, a zagayo da shi ta gaban wuyan keke, a dawo a ɗaura a tsagin hagu, a ja ya ɗame. Sai a sa rula a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun da ke ɗauke da sirdi, dama da hagu. In awon biyu ya zo daidai, ko bambancinsa bai wuce milimita 2 ko 3 ba, firam ɗin na miƙe. In ya zarce haka sosai, ƙafar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, keken zai riƙa ja gefe guda.

Akwai kuma batun walda. Bututun irin waɗannan kekuna ba narka su aka yi aka haɗa ba. Cusa su ake yi cikin wasu hannayen ƙarfe, sa'an nan a narka tagulla ta kwarara cikin siririyar tazarar da ke tsakani, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Tagulla na narkewa a wajen digiri 900 na ma'aunin Salshiyas, ƙarfe kuwa sai ya haura 1,400, saboda haka bututun ba ya ƙonewa. Waldar lantarki ta bakin titi takan huda siririn bututu ko ta raunana gefen ɗinkin. Firam ɗin da aka gani da tabon irin wannan walda a wuya abin gudu ne.

Tsatsa da Maganinta

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin tare da danshi. Abin da ke fitowa ya fi ƙarfen da ya haife shi cin wuri, kuma ba ya manne wa jiki, sai ya riƙa ɓarewa yana buɗe sabon ƙarfe ga iska. Wannan kumburi ne ke sa noti ya ƙi kwantuwa ko sandar sirdi ta maƙale. Maganinsu a ɗiga mai a bar shi ya kwana, a ɗan bubbuga, a sake gwadawa. Gaggawa a nan ita ke karya ƙusa.

Tsatsar sama-sama ba ta da illa, buroshin waya da sanfefa sun ishe ta. Ƙananan kaya irin su notuna ana iya jiƙa su kwana ɗaya cikin ruwan lemon tsami ko na tsamiya, domin tsamin da ke cikinsu na narkar da tsatsa. Da an tsamo su a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take, in ba haka ba kafin gari ya waye sun sake ja. Amma in tsatsa ta yi ramuka masu zurfi a bututu, ko tsinin ƙusa ya iya huda wurin, wannan firam ya gama aiki.

Wajen kankare tsohon fenti a jiƙa sanfefa da ruwa kuma a rufe hanci, saboda wasu fentin da na ɗauke da dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga yara. A wanke maiƙo da kananzir. Kada a yi amfani da fetur, don tururinsa na kama wuta daga nesa. Wanda ƙarfe mai datti ya yanka ya wanke wurin da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar rigakafin tetanus.

Kama da Wane Ba Ta Wane

A nan ne mafi yawan masu wannan aiki ke yin asara. A ɗauki misalin taya. Ƙafar keken da ana rubuta mata 28 x 1½, kuma faɗin gargarenta, daga inda leɓen taya ke zama zuwa ɗaya gefen, milimita 635 ne. Akwai kuma ƙafar kekunan zamani mai milimita 622, wadda ita ma a ƙasashen Turai da dama ake kiranta inci 28. Bambancin milimita 13 ne kacal, ido ba zai gane shi a kasuwa ba, amma tayar 622 ba za ta hau gargaren 635 ba, ta 635 kuwa in an sa ta a gargaren 622 za ta fice da zarar an ba ta iska. Haka abin yake ga masu inci 26: akwai ta milimita 590 ta tsofaffin kekunan Ingila, akwai ta 559 ta kekunan hawa tsauni. Abin dogaro shi ne lambobin da ke jikin taya, kamar 40-635, inda ta farko ke nuna kaurin taya, ta biyu faɗin gargare.

Misali na biyu shi ne zaren noti, wato tsagin nan da ya nannaɗe jikin ƙusa. Kafin 1841 kowace maƙera a Ingila da irin nata zaren, har Joseph Whitworth ya kawo tsari guda da za a bi. Duk da haka masu kekuna ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. A mazaunin feda da wuyan keke, yawancin kamfanonin Ingila sun yi amfani da tsagi 24 a kowane inci, amma tsofaffin kekunan Raleigh na Nottingham 26 suke da shi. In aka ɗauko kofin boris mai 24 aka murɗa cikin firam mai 26, zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sa'an nan ya cije. Wanda ya sa ƙarfi a wannan lokaci ya cinye zaren firam ɗinsa. Ƙa'ida ita ce a fara murɗa kowane abu da yatsu. In ya ƙi tafiya da yatsu, a tsaya a bincika. Bugu da ƙari, kawunan notunan tsofaffin kekunan Ingila ba a kan milimita aka yi su ba, don haka sifanar zamani takan yi musu sako-sako ta cinye gefensu.

Fedar hagu kuma zarenta na hagu ne, wato ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran notuna. An yi haka ne saboda ɗan motsin da sandarta ke yi cikin raminta lokacin da ake takawa zai riƙa warware ta, da a ce zarenta na dama ne. A duba gindin kowace feda, za a ga harafin L a ta hagu, R a ta dama. Kofin dama na mazaunin feda a kekunan Ingila shi ma zaren hagu gare shi.

Ƙafa da Boris

Mai kallo zai zaci wayoyin ƙafar keke tokare nauyi suke yi kamar ginshiƙi, alhali waya ɗaya ko yaro zai iya lanƙwasa ta da hannu. Sirrin shi ne an ja kowace waya ta ɗame tun kafin a hau. Idan mahayi ya zauna, wayoyin da ke ƙasa sukan ɗan rage ɗamewa, ƙafar kuma ta ci gaba da riƙe siffarta muddin ba su saki gaba ɗaya ba. Saboda haka ƙafa mai sakakkun wayoyi ita ce ke saurin karkacewa. A kaɗa wayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar tsirkiyar molo: masu ɗamewa daidai za su ba da amo kusan iri ɗaya, sakakkiya kuwa za ta yi ƙara maras daɗi.

Kafin a sayi gargare da cibiyarsa daban-daban, a ƙirga ramukansu. Tsofaffin kekunan Ingila sukan zo da waya 32 a gaba da 40 a baya, inda nauyi ya fi yawa, yawancin sauran kekuna kuwa 36 ne gaba da baya. Gargare mai rami 36 ba zai ɗinku da cibiya mai 40 ba.

A cikin cibiya da mazaunin feda da wuya akwai 'ya'yan boris, waɗanda aikinsu shi ne mayar da gogayya ta koma mirginawa. Girmansu ya bambanta: galibi inci ¼ a ƙafar baya da mazaunin feda, inci 3/16 a ƙafar gaba. Wannan na cikin abubuwan da ba a tsintowa. A sayi sababbi, a sauya su duka lokaci guda, domin in aka gauraya tsoho da sabo, manyan ne kaɗai za su ɗauki nauyi. A cika wurin da giris, a ɗaure daidai yadda ƙafar za ta juya ba cijewa kuma ba girgiɗi.

Kaca da Lissafin Gudu

Tazarar da ke tsakanin ƙusoshin kacar keke rabin inci ce, wato milimita 12.7. Saboda haka daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa tsakiyar ta 25 inci 12 ne cif a sabuwar kaca. In awon ya ƙaru da milimita ɗaya da rabi, kacar ta tsufa. In ya ƙaru da milimita 3, to ta riga ta cinye haƙoran farantan da ta yi aiki a kansu. Jama'a kan ce kaca ta miƙe, amma abin da ya faru shi ne ƙusoshinta sun goge. A lura kuma kacar keke maras giya faɗinta inci ⅛ ne, ta mai giya kuwa ta fi siranta, ba za ta zauna kan haƙoran farantin keken da ba.

Ga wani lissafi da ya dace da aji. A ce babban faranti na da haƙora 44, ƙaramin na baya 18. In aka raba 44 da 18 za a samu 2.44, wato kowane zagayen feda na juya ƙafar baya kusan sau biyu da rabi. Faɗin ƙafar tare da tayarta wajen milimita 711 ne. In aka ninka da 3.14, kewayenta ya kama mita 2.23. Ke nan zagayen feda ɗaya na tafiyar da keke mita 5.4 da 'yan kai. Mai taka feda sau 60 a minti zai yi gudun kusan kilomita 20 a awa. In aka sauya ƙaramin faranti da mai haƙora 22, zagaye ɗaya zai koma kusan mita 4.5: gudu ya ragu, amma takawa ta yi sauƙi. Mai ɗaukar buhu ko mai bin hanyar rairayi, wannan ne ya fi masa.

Birki

Birkin sanda yana jan roba ne sama ta dafe cikin gargare, ta ɓangaren da wayoyi suke, don haka yana bukatar gargare mai faffaɗan ciki da aka yi dominsa. Birkin waya kuwa gefen gargare yake matsewa, yana bukatar mai shafaffen gefe. In aka haɗa birkin wani da gargaren wani, keke zai yi kyaun gani amma ba zai tsaya ba.

Robar birki, kamar taya da tif, sabuwa ake saye, domin roba na bushewa ta ƙandare da shekaru ko ba a yi amfani da ita ba. Araha ba ta ado a wannan wuri. A sani kuma birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, saboda nauyin mahayi na komawa gaba lokacin da ake rage gudu, don haka kuskure ne a ce na baya kaɗai ya wadatar. Har ila yau, gargaren ƙarfe mai ƙyalli na rage kamun birki ƙwarai idan ya jiƙe. Da damina sai a fara kama birki tun daga nesa.

Kafin a hau titi a gwada keken a filin makaranta. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya, in an ji ƙwas-ƙwas a wuya to boris ɗinsa ya yi sako-sako. A matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keken, bai kamata ya juya ba. Sandar sirdi ta shige firam aƙalla santimita 7. Tsayin sirdi kuwa, a ɗora diddige kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da an karkata ba. Daga ƙarshe a kai wa gogaggen mai gyaran keke ya sake dubawa.

Kammalawa

Malamin kimiyya da makarantarsa ba ta da wadatattun kayan gwaji zai iya samun darussan zango guda a jikin keke ɗaya. Tsatsa darasin sinadarai ce, firam da wayoyi darasin ƙarfi da nauyi, faranti da kaca darasin lissafi. In an yi sa'ar tsintar ɗan injin fitilar nan da ke gogar taya, wanda galibi ke ba da bolt 6 da wat 3, to ga darasin yadda maganaɗisu mai juyawa kusa da naɗin waya ke haifar da lantarki, abin da Michael Faraday ya gano asalinsa a 1831.

Shawara ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantu ita ce a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɓangarensa, a kuma tanadi littafi guda da za a rubuta awon kowane abu kafin a je kasuwa: faɗin gargare, yawan ramuka, yawan haƙora, kaurin sandar sirdi. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Duk wanda zai tafi wurin 'yan gwangwan ya tafi da rula da zare da wannan littafi a aljihunsa, ya kuma riƙe tsohon notin da yake neman irinsa don ya gwada kafin ya biya.